Ƙaramin Fiffike a Gidan Lategan

Swakopmund, farkon Satumba

Zuwa ga Kawu Stoffel Brand,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Miemie da ciwon bayan nan naka da ba ya jin magani. Ni ce Elsabe, 'yar amininka Tobie Lategan, in har ba ka manta rubutuna ba. Na zaɓi in rubuto maimakon in bugo waya domin na san layin gonakinku. Da wayar wani gida ta yi ƙara maƙwabciyarku matar Visagie za ta ɗaga tata, kafin la'asar duk Porterville ta ji.

Kawu, wani labari ya iso ni da ya hana ni sakat. Wata abokiyar karatuna ta zo nan hutu, muka haɗu a ƙofar asibitin da nake aikin jinya. Take ce mini ta ga akori-kurar Baba a bakin shagonka, shi da Mama suna tsaye kana shimfiɗa musu fiffiken tashi a kan ciyawa. Na ce mata ƙila tsohon nasa ya kai maka ka sayar. Ta ce ina, wannan sabo ne fil, har Baba yana shafa yadinsa yana murmushi.

A watan Maris Mama ta rubuto mini cewa Baba ya ajiye tashi saboda gwiwa. Ranar har coci na je na yi godiya. Tun ina ƙarama nake kallon ubana ya saɓa ƙarafa da yadi a kafaɗa, ya ruga a guje ya faɗa daga kan dutsen Dasklip, ni da Mama muna bin sa a mota cikin gonakin alkamar mutane, ni ce mai sauka in buɗe ƙofofin shinge. Kwanciyar hankalin da na sani a yarinta ita ce lokacin da yake da ɗalibi, tunda ka san dokarsa: muddin akwai ɗalibi a hannunsa, ƙafarsa ba ta barin ƙasa sai ya yaye shi. Da ya so ya mai da ni ɗalibar na ƙi ƙememe, ya daɗe yana fushi da ni, ban kuma taɓa yin nadama ba.

Yanzu mutum mai shekara saba'in da biyu ne zai koma? Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah kar ka sayar masa da komai, in kuma ka riga ka sayar, ka gaya mini gaskiya ba tare da kwana-kwanan nan naka ba.

Ka gaida Gwaggo. Na gode.

'Yarka,
Elsabe

Porterville, tsakiyar Satumba

'Yata Elsabe,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same ni lafiya, baya kuwa yana nan yana mulkinsa. Miemie ta ce in tambaye ki ko har yanzu babu wani ɗan Namibiya da ya yi ƙarfin halin tunkarar ki. Na isar da saƙo, babu ruwana.

Kin ce kar in yi kwana-kwana. To, ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sun zo, kuma an yi odar fiffike. Wanda ta gani a shimfiɗe na wani baƙo ne da ya kawo mini ɗinki, na nuna musu ne su ga irinsa. Amma kafin ki aiko mini da allurar guba, ki bari in gaya miki abin da aka zaɓa, ko hankalinki ya ɗan kwanta.

Tsohon na ubanki kin san shi, mai yadi ninki biyu, kilo talatin da shida. A sama babu kamarsa, amma wajen sauka sai mutum ya yi gudu kamar wanda kare ya biyo. Na samari ne. Ni da na shekara ina ɗinke yadi ina miƙe ƙarafan da mutane suka lanƙwasa, na lura tsoho ba a sama yake karyewa ba. A ƙasa yake karyewa, ko wajen sauke kaya daga kan mota, ko wajen gudun tashi, ko a takun farko bayan ya sauka. Shi ya sa duk wanda ya haura sittin ya shigo shagona, ba na tambayarsa nisan da yake so ya yi. Cewa nake ya saɓa fiffiken a kafaɗa ya kai shi gindin itacen ɓauren can ya dawo. In ya dawo yana iya magana, sai mu ci gaba.

Wanda aka yi oda mai yadi ninki ɗaya ne, ƙarafansa sirara. Da taku kaɗan yake ɗaga mutum, yana tafiya a hankali, in ka yi kuskure ba ya saurin hukunta ka. Na kuma dage sai an sa tayoyi a sandar riƙo, yadda in ƙafa ta gaza mutum zai sauka a kan ciki ya gangara. Samari suna yi wa tayoyin nan dariya, suna cewa keken jarirai. Ni dai na kai wa masu dariyar gaisuwa a asibiti ba sau ɗaya ba.

Sai maganar girma, wadda ita ta fi cin lokaci. Kin tashi a cikinmu, kin san fiffike kamar takalmi yake, kowa da lambarsa. Marar nauyi ya shiga babba, iska ta yi wasa da shi. Mai nauyi ya shiga ƙarami, ya zubo ƙasa ba shiri. Na fito da sikelin da Miemie take auna ulu da shi, aka hau, aka auna har da hular kwano da rigar rataya, wadda mai tashi yake kwanciya a cikinta. An tsaya a kan ƙarami, wanda duka-duka kilo ashirin da ɗaya ne. Ba a yi kuskure ba, ni na auna da hannuna.

Daga nan bakina a ɗaure yake, na yi wa mahaifiyarki alkawari. Ita za ki tambaya.

Allah ya tsare ki a can.

Kawunki,
Stoffel

Swakopmund, ƙarshen Satumba

Mama,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya, ko da yake yanzu ban san me kalmar nan take nufi a gidanmu ba.

Kawu Stoffel ya rubuto mini cewa an yi odar ƙaramin fiffike, kuma shi ya auna da hannunsa. Na karanta layin nan a tsaye a ɗakin magani. Mama, ni ba baƙuwa ba ce. Ƙaramin fiffike na mai kilo hamsin zuwa saba'in ne. Baba kuwa rabona da shi a Kirsimetin bara ya haura ɗari, kujerar baranda tana kuka in ya zauna.

Aikina ke nan, na san cututtukan da suke zabge mutum haka cikin 'yan watanni, babu kuma mai daɗin ji a cikinsu. Yanzu na gane abin da ya sa kika daina aiko mini da hotuna, da abin da ya sa duk ranar Lahadi in na bugo sai ki ce yana wajen tumaki. Ashe maganar gwiwa rufe ni aka yi. Wato kun yanke cewa tunda lokaci ya ƙure a bar shi ya yi tashinsa na ƙarshe, ni kuma a sanar da ni bayan an gama?

Ban yi barcin kirki ba tun da wasiƙar ta zo. Na nemi hutu, shugabar ma'aikatan jinya ta ce babu hali sai Disamba, domin mu kaɗan ne. Ki gaya mini sunan ciwon, da abin da likita ya ce, da ko zai kai Disamba. Kar ki tausaya mini, ni ma 'yarsa ce.

Ki gaishe shi. Ban san me zan ce ki gaya masa ba.

'Yarki,
Elsabe

Gida, Oktoba

Elsabe 'yata,

Na gaishe ki, na kuma roƙi Allah ya sa wannan ta same ki a zaune. In a tsaye kike, ki zauna.

Ubanki bai rame ba. Jiya Lahadi shi kaɗai ya kusa tashi da cinyar rago, kujerar baranda ma ta haƙura ta karye tun watan jiya. Fiffiken nawa ne. Ni na hau sikelin Miemie.

Na san kin buɗe baki. Rufe shi ki karanta, domin abin da ya rage ya fi wannan nauyi, kuma kin yi gaskiya, maganar gwiwa rufe ki na yi.

A watan Fabrairu muka hau Dasklip kamar kullum. Ya haɗa fiffikensa, ya sa rigar rataya, ya saɓa ya tsaya a bakin gangare, ni ina riƙe da wayoyin gaba yadda na saba. Na yi masa tambayar da nake yi masa tun kafin ki yi wayo.

“Tobie, ka rataya?”

“Na rataya, Driena. Saki.”

Na kusa saki. Ban san abin da ya sa na leƙa ba, sai ga ƙugiyar da take haɗa rigar da fiffike tana lilo a bayansa, ba ta maƙale da komai ba. Kin san abin da ke samun wanda ya ruga a haka: fiffiken ya tashi, shi kuma ya bi shi da ƙarfin hannu kawai, hannu kuwa ba ya daɗewa. Mutumin da ya koya wa rabin masu tashin yankin nan kwanciya su gwada ƙugiya kafin su motsa, shi ne ya dube ni ido cikin ido ya ce ya rataya. Na ce masa iska ta juya, muka sauko. Mako na gaba ya sake yin haka.

Na kai shi wurin likita a birni. Ciwon mantuwa ne, irin wanda ba ya komawa baya. Yana sa makullin mota a firiji, yana tambayata ko wansa Herklaas ya bugo, alhali kin san shekarun da Herklaas ya yi a kabari. Ranakun da nake ce miki yana wajen tumaki, ranakun da ba zai gane muryarki ba ne, ban kuma so ki ji haka ta waya, matar Visagie tana saurare.

Amma tashi bai manta ba. Kullum da safe sai ya fita ya dubi tutar iskar da ke kan rumbu, ya ce yau akwai sama. Stoffel ya ɗauke tsohon fiffiken da sunan gyara, ni kuma na ɓoye makullin mota. Rannan ina wajen kaji ya tare motar tumaki ta hau da shi dutsen. Da na iske shi, wasu samari baƙi sun kewaye shi suna ta murna sun ga Tobie Lategan da idonsu, ɗaya har ya cire rigar ratayarsa yana sa masa. Ba su san komai ba, a ganinsu girmamawa ce.

Ba zan iya ɗaure shi ba, ba zan kuma iya gadin dutse ba. Sai na tuna dokarsa. Washegari yana tsoma busasshen burodi a kofi na ce masa ina so ya koya mini. Ya ajiye kofin ya dube ni.

“Ke? Ke da ba kya iya hawa kujera ki canza ƙwan lantarki?”

“Ni ɗin.”

“To, kin san doka. Ba zan tashi ba sai na yaye ki.”

Na ce na sani. Tun daga ranar bai sake neman hawa dutsen ba.

Duk sanyin nan a kan tudun bayan gidan Stoffel muka yi shi, da wani tsohon fiffiken koyo da ya kusa ɓalla mini kafaɗa, shi ya sa aka yi odar marar nauyin. Ina da shekara sittin da huɗu ina gudu a gangare ina faɗuwa cikin kashin tumaki. Wandon nan mai kauri da kika bari shi nake sawa, ya yi mini cif, da ma ƙirarmu ɗaya. Elsabe, da ya riƙe oba-oba ya fara ba da umarni, ubanki ne ya dawo, muryarsa da zolayarsa da komai. Saboda wannan kaɗai ma da na yi.

Niyyata in ja karatun har abada. Ina yin kuskure da gangan, in karkace, in saki da wuri. Amma a nan ba ya ruɗuwa. Mutumin da bai san ko ya karya kumallo ba ya san ƙafar da na fara jefawa jiya. Ya ce in daina wasa, na iya. Sabon fiffiken ya iso, na gwada shi a tudu, ni kaɗai nake saɓa shi. Ya ce da an girbe alkama zan tashi daga Dasklip. Na ce ina tsoro, sai ya ce to bari ya hau ya nuna mini babu komai. Kin ga inda na tsaya. Zan tashi.

Kar ki yi fushi da Stoffel, ni na tilasta shi. Ki ci abinci.

Mahaifiyarki,
Driena

Swakopmund, ƙarshen Oktoba

Kawu Stoffel,

Ina gaisuwa, domin an koya mini in gaida manya ko da raina a ɓace yake.

Na ji komai daga Mama. Na zaci uba ɗaya zan rasa, ashe shirin da kuke yi na in rasa su biyun ne. Matar da take rufe ido in mota ta hau gada, ita ka auna a sikelin ulu, ka sa mata tayoyi, za ka tura ta daga kan dutse? Wanda kuma zai riƙe oba-oba ya gaya mata dama ko hagu, mutum ne da yake jiran wayar mamaci? In ya manta da ita tana tsakiyar sama fa, Kawu? Ka yi wannan tunanin?

Har yanzu na kasa haɗa hoton a kaina. Ina ba majinyata magani, sai in ga Mama a rataye a sama da wandona, in rasa inda na tsaya a lissafin ƙwayoyi.

Ka ce yadin ya yage. Ka ce ƙarfe ya lanƙwashe a hanya. Ka yi ƙarya irin wadda ka yi wa Baba a kan nasa, tunda ashe ka iya. Ku jira ni zuwa Disamba mu zauna mu nemi wata dabara. Ina roƙonka da girman Allah da na zumuncin da ke tsakaninka da gidanmu.

Na gaida Gwaggo Miemie, in ba da ita aka haɗa baki ba.

Elsabe

Porterville, Nuwamba

'Yata Elsabe,

Gaisuwa mai yawa. Zagin ya iso, na karɓa, na kuma ci rabona. Sai dai wasiƙarki ta zo ranar Litinin, mahaifiyarki kuwa ta tashi tun ranar Asabar. Tana raye, ƙafafunta biyu, ko ƙwarzane babu. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Kin tambaya ko na yi tunani. Na yi, har ya hana ni cin abinci. Na rataya tawa oba-obar a wuya, a kan layi ɗaya da tasu, da niyyar da ya yi tuntuɓe in karɓe. Miemie ta jira a gonar Visagie da aka girbe, da mota da tuta. Karo na farko ke nan da aka hau Dasklip ba Driena ce za ta bi mutum a mota ba.

Da safen nan ubanki bai san sunana ba, “maigida” yake ce mini. Amma da aka kwance fiffiken ya bi shi ƙarfe-ƙarfe, waya-waya, har ya gano wani ƙulli da ni na ɗaure a karkace, ya yi mini faɗa a gaban mutane. Ya sa Driena ta kwanta a cikin rigar, ya ja ƙugiyar da ƙarfinsa, ya leƙa, ya sake ja. Sannan ya ce an rataya. Na tsaya ina kallon hannun nan da ya kasa yi wa kansa abin da yake yi wa wani.

Iska tana hawowa a hankali, irin wadda muke roƙo. Fuskar Driena ta yi fari fat. Ta ce mini in abin ya ƙi, kajinta na Miemie ne, ban da zakaran, shi a yanka. Ta saɓa fiffiken ba tare da kowa ya taya ta ba, ya ce ta tafi, ta ruga. Taku kaɗan ya ɗauke ta.

Elsabe, ban taɓa jin ubanki ya yi koyarwa irin ta ranar ba. Murya a kwance, ba gaggawa. Ta sassauta hannu, ta dubi inda za ta ba ƙasa ba, ta ɗan matsa dama, haka, madalla. Fiffiken kuwa yana tafiya da ita sannu a hankali a kan gonaki. Na fara sakin numfashi ke nan sai ya ɗaga yatsa daga kan maɓallin oba-obar ya juyo gare ni.

“Maigida, wace ce wannan? Tana da hannu.”

Ya waiga baya, ya sake tambayata.

“Ina Driena? Ya kamata ta bi ta da mota, kar yarinyar mutane ta sauka babu kowa.”

Na kai hannu kan tawa oba-obar, na ce masa Driena tana hanya. Ya ce to madalla, ya danna maɓallin ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya juya ta ta fuskanci iska, ya gaya mata lokacin da za ta tura sanda. Ta ɗan makara, ta sauka a kan tayoyin da samari suke yi wa dariya, ta gangara cikin karan alkama. Miemie ta ce ta same ta a kwance tana dariya tana kuka, ta ƙi tashi.

Da muka sauko ya gane ta sarai. Ya ɗebo bokitin ruwa ya sheƙa mata kamar yadda muke yi wa duk wanda ya yi tashinsa na farko, ya rungume ta a jiƙe, ya ce a duk ɗalibansa babu wanda ya ba shi wahala kamarta. Ya ce ya yaye ta. Muna cikin gasa nama ya juyo ya kira ni da sunana, ya ce in fito masa da fiffikensa, Asabar zai tashi.

Tun daga ranar kullum da safe yana bakin shagona. Na ce ina jiran waya, na ce ina jiran yadi, ƙaryar tawa ta kusa ƙarewa. Driena ta ce masa ta manta komai, a koma tudu, ya yi dariya ya ce wanda aka yi wa wankan bokiti ba ya komawa. Ga lokacin tashi ya kama, baƙi sun fara cika gari da fikafikai a kan motocinsu. Na gargaɗi waɗanda na sani, amma kowane mako sababbi ne, kowa kuma ya san sunansa. Na nemi wanda zai ba shi ɗalibi ko na wasa ne, babu uban da zai ba da ɗansa, ban kuma ga laifinsu ba. Asabar ɗin da ta wuce Allah ya taimake mu da iska mai ƙarfi. Ban san ta gaba ba.

Abin da ya tambaye ni a kan dutse ban gaya wa mahaifiyarki ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ke kaɗai na gaya wa, domin na kasa riƙe shi ni ɗaya.

Ki yafe wa tsoho.

Kawunki,
Stoffel

Swakopmund, Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan kana lafiya. Na ji labarin ɗalibarka, na taya ka murna.

Baba, wata alfarma nake nema. Da ka so ka koya mini tashi na ƙi, yanzu na canza shawara. Ina so ka koya mini, kai da kanka, ba na son wani malami. Na ajiye aikin nan, zan taho a motar Alhamis. Ba sai an yi odar komai ba, nauyina ɗaya da na Mama, ƙaramin zai yi mini.

Sai dai ka shirya haƙuri. Ina da tsoro fiye da Mama, kuma ba na ɗaukar abu da sauri. Za mu daɗe a kan tudun nan ƙwarai. Na san dokarka, don haka ka yafe mini Asabar ɗin da na ɓata maka.

Na roƙi Mama ta manna wannan takarda a ƙofar firiji. In ka ga wata mace a bakin ƙofa da jaka ranar Juma'a, ni ce sabuwar ɗalibar.

'Yarka,
Elsabe